Aron Injin Markaɗe

"A hankali mana! Ba buhun masara kuka ɗauko ba!"

Kalsum ce ke wannan faɗa, tana biye da maza biyu da suka ciccibo injin markaɗenta daga rumfar ƙofar gida za su kai shi bayan gida. Mijinta Shafi'i ya kama gaba, abokinsa Ɗanliti mahauci ya kama baya, suna nishi suna dariya, fetur na ɗiga musu a ƙafa. Ita kam ba ta ga abin dariya ba. Shekara bakwai injin nan yana zaune wuri ɗaya bai taɓa matsawa ko taku guda ba, sai yau da aka kwance shi daga jikin kan niƙa aka bar kan a tsaye shi kaɗai.

"Maman Mastura, kwantar da hankalinki," in ji Ɗanliti. "Ni da nake saɓa cinyar sa a kafaɗa tun ban fara gemu ba?"

"Cinyar sa in ta faɗi wanke ta za a yi. Wannan in ya faɗi fa?"

Shafi'i ya waiwayo, bakinsa har kunne. "Ƙarfe biyar, Kalsum. Wallahi ƙarfe biyar na yamma zai koma mazauninsa."

"Na dai ji. Gobe ne sunan jaririn maƙwabciyarmu Mariamu, kayan miyarta da wakenta duk ni suke jira."

Injin nata ne, ba na gida ba, kuma duk unguwar an san haka. Da guminta ta saye shi. Tun daga asuba matan layin suke jeruwa da robobinsu, Hausawa da Yarbawa, wannan tattasai, wannan wake, wannan gero jiƙaƙƙe, don sun ce hannun Kalsum ya san laushin da kowa ke so. A Agege ta Legas kuwa injin markaɗe ba abin nema ba ne, kowane layi akwai. Mace in ta zo ƙofarki sau biyu ta tarar a rufe, na uku ba za ki gan ta ba. Shi ya sa sai da Shafi'i ya yi kwana goma yana lallashi kafin ta yarda da aron yini ɗaya tak.

Abin da aka aro injin dominsa yana bayan gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke kallon titin jirgi. Wata huɗu ke nan Shafi'i ba ya da zance sai nasa. Kafinta ne, amma kafin ya buɗe rumfar kansa ya yi shekara shida a wani kamfanin kujeru a Ikeja yana ɗauko fallayen filawud yana miƙa wa mai yanka. A can ya ga zarton da ake kwantar wa falle guda sukutum a kan teburi mai tafiya, a tura, ya fito a tsage santal. Ba a taɓa barinsa ya taɓa shi ba, kallo kawai. To kallon nan ne bai tafi a banza ba. Ya zana shi a takardar buhun siminti, ya sayo tsofaffin ƙarafan gado biyu ya yi layin dogo da su, ya tono boris takwas daga gawar wata motar haya danfo, ya kwana biyu yana yawo a kasuwar Idumota kafin ya sami faifan zarto mai haƙora sittin. Baba Lamidi mai walda ya haɗa masa su yana girgiza kai yana cewa Bahaushen nan ya zautu.

Kalsum ma ta ce ya zautu, sau da yawa. Sai dai tun da farar hula suka karɓi mulki, kowane kansila yake son a ga yana aiki, ma'aikatan tsafta suka tasa mahauta a gaba. Duk wanda aka kama da nama a buɗe a bayan babur, an ƙwace. Ƙungiyar mahauta masu kai nama kasuwanni ta yanke shawarar yin akwatunan filawud masu murfi guda arba'in, kuma shugabansu Alhaji Mato ya ce zai ba ɗan gida aikin in zai iya gamawa cikin sati biyu. Da zarton hannu, ko Shafi'i zai daina barci ba zai gama ba. Yau Asabar Alhaji zai zo ya gani da idonsa.

Ɗora injin ne ya ci rabin yini. Kalsum na leƙe ta tagar ɗakin girki. A ɗaura zare daga ƙafar injin da bel ke hawa zuwa ta zarton, a duba, a sassauta noti, a cusa ɗan guntun ƙarfe a ƙarƙashi, a ɗaure, a sake dubawa, a sake kwancewa. In bel bai zauna daidai ba, in ji Shafi'i, zai riƙa tsalle yana fita. Tun ƙarfe takwas suke abu ɗaya, aka yi azahar aka dawo ba su gama ba.

Kafin nan labari ya zaga. Mahautan da suka taso daga mayanka da jini a riga, teloli biyu daga bakin titi, mai shayi, mai gyaran rediyo, har da wani ɗan sanda da ya ce wucewa yake yi amma ya nemi benci ya zauna. Kowa da shawararsa, babu kuwa wanda ya taɓa ganin irin abin a cikinsu.

Ana cikin ɗaure notin ƙarshe Alhaji Mato ya iso, dogon tsoho mai ƙaramar murya, da carbi a hannu. Ya zaga teburin sau ɗaya, ya tura shi da ɗan yatsa. Teburin ya tafi sulululu a kan ƙarafan gado har ƙarshe, ya dawo.

"Iko sai Allah," in ji Alhaji. "Shafi'i, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Alhaji. Yanzu ma za ka ga aiki."

"To bismillah."

Aka kwantar da sabon falle, aka danne shi da maƙalai biyu na katako. Shafi'i ya naɗe igiya ya fizga. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, faifan zarto ya ɓace ya zama farin haske kawai. Jama'a suka ɗauki shewa. Kalsum ta ji zuciyarta na bugawa tare da injin, ta manta da albasar da take yankawa. Duk tsegumin da ta yi wata huɗu, a wannan lokacin so take abin ya yi.

Shafi'i ya yi bismillah ya tura.

Haƙoran na taɓa katako, sai teburin ya kuɓuce daga hannunsa. Zarton ya fizgi fallen kamar mai jin yunwa, maƙalan suka ɓalle, filawud ya tashi sama ya daki katangar gida ya dawo ya kife a kan bencin ɗan sanda. Allah ya taimaka ɗan sandan ya riga shi barin wurin, ba wanda ya san yana da gudu haka. Kaji suka watse, mai shayi ya faɗa kwata da ƙafa ɗaya. Ɗanliti ya yi ta maza ya kashe injin.

Sai dariya ta ɓarke.

"Oga Shafi'i, jirgin sama ka ƙera ashe!"

"A ɗora masa nama kawai, da kansa zai kai Ketu!"

Shafi'i bai ji su ba. Ya durƙusa yana kallon faifan da ke rage gudu, har haƙoran suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Kalsum ma daga taga su take kallo, kuma tare suka gani. Baya faifan yake juyawa. Maimakon ya sari katako ya danne shi ƙasa, janye shi yake yi ya wurgar. A kamfanin Ikeja abin da ke juya zarton a rufe yake cikin akwatin ƙarfe, Shafi'i bai taɓa ganin cikinsa ba, bai kuma taɓa tambayar kansa wane gefe injin matarsa ke juyawa ba.

"A juya faifan mana," in ji Ɗanliti.

"Ko an juya shi, gefen da yake gudu bai canza ba."

"To a turo katakon ta can ɓangaren."

"Ta cikin katanga?"

"A juya injin."

Shafi'i ya dafa mazaunin injin, wanda Baba Lamidi ya like da walda kamar ba za a mutu ba. Sai an yanke shi an sake wani. Baba Lamidi kuwa tun jiya ya tafi Abeokuta jana'izar yayarsa, sai Talata.

Alhaji Mato bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya ja carbinsa ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma jiya ma an ƙwace wa mutum uku nama. Akwai masu inji a Mushin, Litinin zan aika musu. Bari in yi la'asar a masallacinku, in na idar in wuce."

Gaskiya ɗaya ce, abin da Kalsum ta fara ji daɗi ne. Injinta lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba, kuma tun kafin biyar zai dawo gida. Gobe da asuba za ta tashe shi kamar kullum, a manta da wannan hauka.

Amma akwai abin da ta sani, kuma ta kasa hana kanta saninsa. A gindin injin uwarta ta girma, can Sango. Wata shekara uwar ta sayi kan niƙa na hannu wanda ke juyawa saɓanin injinta, ba ta kira makaniki ba, ba ta kira mai walda ba. Kalsum na 'yar shekara tara ta ga abin da ta yi, ko minti biyar bai ɗauka ba. Duk mazan da suka cika rumfar nan, masu gemu da masu furfura, ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa zama a gindin markaɗe.

Ta kuma san abin da zai biyo baya in ta faɗa. Zarton da ya yi aiki yau, aiki zai so gobe. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka albasa. Ta yanka guda, ta yanka ta biyu. Ta ɗaga kai ta ga jama'a sun fara zamewa, Shafi'i na nan durƙushe inda yake, yana shafa gefen teburin da tafin hannu kamar mai rarrashin mara lafiya. Tausayinsa ya kama ta, har da haushin kanta da ta tsaya lissafi.

Ta ajiye wuƙar, ta je bakin ƙofar baya ta tsaya daga ciki. Ba za ta fita ta gyara wa mijinta aiki a gaban maza ba, ko a Legas ne.

"Baban Mastura, ana magana a ciki."

"Ina zuwa."

"Yanzu ake maganar."

Ya shigo yana jan ƙafa, fuska duk ƙurar katako. "Kalsum, na sani. Yanzu zan kwance miki."

"Zauna."

Ta ɗauko kwalaben man gyaɗa biyu ta tsayar a ƙasa, ta zare igiyar bakin buhu ta ƙulla ta zagaya su da ita. "Juya wannan." Ya juya, ɗayar ta bi ta, gefe ɗaya. Ta cire igiyar daga kwalba ɗaya, ta murɗa ta sau ɗaya ta mayar, igiyar ta harɗe a tsakiya. "Sake juyawa."

Ya juya. Ɗaya kwalbar ta juya baya.

Ya sake juyawa. Ya kalli kwalba, ya kalli matarsa, ya sake kallon kwalba. Sai ya miƙe zumbur har kansa ya bugi kwandon da ke rataye.

"Kalsum! Kalsum! Shi ke nan? Wannan ne kawai?"

"Rage murya. Bel ɗinka ba zai kai ba in an harɗe shi, kuma irin mai kaurin nan ba ya son murɗa." Ta shiga ɗaki ta jawo wani dogon bel mai faɗi daga ƙarƙashin gado, wanda ta ajiye don ranar tsiya. "Ungo. Ka shafa ɗan sabulu inda suke gogar juna, in ba haka ba kafin magariba ya cinye kansa. Kuma kada ka tura da ƙarfi. Injin nan ba ya son a cika masa baki, kaɗan-kaɗan ake ba shi. In ka ji muryarsa ta yi ƙasa, ka dakata ya numfasa."

Bai tsaya jin ƙarshen ba, sai da ta bi shi da sabulun.

Ko da Alhaji Mato ya fito daga masallaci yana neman takalminsa, Ɗanliti na tsaye a kansa. "Alhaji, abeg, minti biyu. In bai yi ba ka yanka ni ka sayar."

"Wa zai sayi namanka?" in ji Alhaji, amma ya biyo shi.

Waɗanda suka watse suka dawo da ƙari, sai dai wannan karon kowa ya ba da tazara, ɗan sandan ma daga bayan tankin ruwa yake leƙe. Aka ɗora wani fallen. Shafi'i ya fizgi igiya, bel ya ɗauka yana kaɗawa a harɗe, ya yi bismillah a karo na biyu, ya tura a hankali.

Zarton ya shiga katako da wata siririyar ƙara mai daɗin ji. Garin katako ya riƙa zuba ƙasa, teburin na tafiya, layin na buɗewa a miƙe kamar an ja shi da zare. Kalsum ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu tana cewa a ranta, a hankali, a hankali, kada ka cika masa. Ƙafa takwas cif, fallen ya rabu biyu, kowane rabi ya kwanta a inda yake.

Alhaji Mato ya matso ya bi bakin yankan da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, yadda yake duba kaifin wuƙa. Ya sa aka tsayar da rabi biyun aka haɗa bakinsu, ya sunkuya ya leƙa ta wajen rana. Ko ɗigon haske bai ratsa ba.

"Allahu akbar," in ji shi.

Wurin ya kece. Mahauta suka ɗaga Shafi'i sama, hularsa ta faɗi aka tattake. Ɗanliti na rawa da guntun katako a ka, mai gyaran rediyo na rantsuwa tun farko shi ya san za a yi. Kowa so yake ya tura da hannunsa. Aka yanka na biyu, aka yanka na uku, aka yanka wani a kwance don a ga ko zai yi, ya yi.

"Amma wannan dabara ta bel," in ji Alhaji, "a kamfanin ka koyo?"

Kalsum ta ɗauka zai ce e, kuma da ba ta ji haushi ba, don haka ta shirya abin. Amma Shafi'i in yana murna bakinsa ba ya da murfi.

"Wane kamfani! Maman Mastura ce! Da kwalbar man gyaɗa ta nuna mini, wallahi, ga ta can a taga!"

Kai wajen talatin suka juyo. Kalsum ta durƙushe ƙasan taga, kunya kamar ta nutse, tana toshe baki kada a ji dariyarta.

"To Allah ya yi mata albarka," ta ji muryar Alhaji. "Aiki naka ne. Akwati goma nake so ranar Litinin, sauran kafin sati biyu."

Biyar saura kwata ƙarar injin ta ɗauke. Kalsum na rumfar ƙofar gida, gaban kan niƙan da ba shi da inji. An kawo bahon Mariamu biyu, ɗaya tattasai da tumatir, ɗaya wake a jiƙe, ga wasu mata tara da robobinsu sun zauna jira, don ta ce musu biyar. Ta ce tana zuwa, ta zaga baya.

Jama'a sun tafi. Shafi'i na kwance a ƙasa ƙarƙashin teburin da sifana a hannu, ya riga ya sa ta a kan notin farko.

"Me kake yi?"

"Biyar ta kusa."

"Nawa ka yanka?"

"Na akwati huɗu." Bai dube ta ba. "Ba komai. In kin gama na safe gobe sai in sake ɗaukowa, in mayar miki kafin yamma."

"Awa nawa ka yi kana saita shi yau?"

Su biyun sun san amsar. In aka riƙa yawo da injin tsakanin ƙofar gida da bayan gida, yinin zai ƙare a kwancewa da ɗaurawa, ba markaɗe ba akwati. Bai roƙe ta ba, ko da ido. Da ya roƙa da ta sami abin yin faɗa da shi, ta huce. Ya dai gyara kwanciya ya danna sifanar.

"Bar shi," in ji Kalsum.

"Na yi miki alkawari."

"Ni aka yi wa, ni kuma na ce a bar shi. Sati biyu. Kana gamawa ka nemi naka, ka dawo mini da abina."

Ya fito daga ƙarƙashin teburin ya zauna a garin katako yana kallonta. "Matan layin fa?"

"Kai dai tada injin, rana na faɗuwa."

Ta juya da sauri, don ta ji idonta ya fara zafi kuma ba ta so ya gani. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma yi da-na-sani ba.

A ƙofar gida ta naɗa gammo, aka taya ta ɗora bahon tattasai, wata maƙwabciya ta ɗauki na wake. Ta ce wa matan su taso. Ita ce a gaba, suka bi ta a jere, suka tsallaka titin jirgi zuwa rumfar Iya Sikira, wadda shekara bakwai suna ƙwacen masu markaɗe tsakaninsu, gaisuwa ma sai ta kama dole.

Iya Sikira ta ɗago daga kan injinta, ta ga Kalsum da baho a ka, ta ga matan da ke bayanta. Murmushi ya bazu a fuskarta a hankali.

"Ah, Mama Mastura! Injin naki ya mutu ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Wani aikin ya tafi."

"Eya. Oya, ku shigo, ku shigo, akwai benci. Kowa zai samu." Har da goge bencin da gefen zaninta, tana tambayar kowacce sunanta.

Kalsum ta dubi matan nan tara suna gyara zama. Ta san su ciki da waje, ta kuma san uku daga cikinsu da ba za su sake tsallako titin jirgi da roba ba, ko injin ya dawo. Akwai mutum huɗu a gabanta. Ta sauke bahon Mariamu a bayan na ƙarshe, ta tsaya jiran layi ya zo kanta.